Libarba Mai Guntun Hanci: Tarihin Bindigar Aljihu a Amurka

A shagunan sayar da makamai na ƙasar Amurka, mutumin da ke neman ƙaramar bindigar da zai riƙa ɗauka a ɓoye a jikinsa, muddin libarba yake so, yawanci yakan tarar da zaɓinsa ya tsaya tsakanin ƙira biyu da suka mamaye kasuwa, wato Model 642 ta kamfanin Smith & Wesson da LCR ta kamfanin Ruger. Libarba ita ce bindigar hannu wadda harsasanta ke zaune cikin wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka biyar ko shida, wanda za a kira ganga a wannan bayani, kuma gangar tana juyawa duk sa'ad da aka ja kunama domin ta daidaita sabon harsashi da bututun da zai bi ya fita. Waɗannan biyun suna cikin ajin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu guntun hanci, saboda bututunsu bai cika inci 2 ba, nauyin kowacce bai kai rabin kilo ba, kuma a ƙirarsu da aka fi saye harsashi biyar kowacce take ci. Ga mai karatu a Nijeriya, inda Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol cikin makaman da ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, irin wannan zaɓi baƙon abu ne. Amma ko a Amurkar ma bai daɗe da zama abin da farar hula ke tattaunawa a fili ba. Tarihin wannan bindiga yana nuna cewa siffarta ta kusa kammala tun shekarar 1950, kuma abin da ya juya gaba ɗaya shi ne matsayin ɓoye makami a idon doka da idon jama'a.

A farkon ƙarni na 19, ɗaukar makami a fili al'ada ce a sassa da yawa na Amurka, musamman kudanci da yankunan da Turawa ke kutsawa yamma, amma ɓoye shi a ƙarƙashin tufafi ana ɗaukarsa halin maha'inci, domin wanda ya ga wuƙa ko bindiga a ƙugun abokin gardamarsa yana da damar ja da baya, wanda bai gani ba kuwa an yaudare shi. Jihohin Kentucky da Louisiana suka fara haramta ɓoye makami a 1813, Indiana ta bi a 1820, sannan Georgia da Tennessee da Virginia da Alabama suka yi nasu dokokin a ƙarshen shekarun 1830. A Kentucky an sami tirjiya, inda a 1822 babbar kotun jihar ta soke dokar a shari'ar wani mutum mai suna Bliss da aka ci tara saboda takobin da ya ɓoye cikin sandarsa, sai da aka gyara tsarin mulkin jihar a 1850 kafin majalisa ta sake samun ikon hanawa. Yawancin kotuna ba su bi sahun Kentucky ba. Kotun ƙolin Louisiana, a shari'ar Chandler ta 1850, ta bayyana ra'ayin zamanin sarai, inda ta ce 'yancin da tsarin mulki ya kare shi ne na riƙe makami a fili, wanda ke sa mutane su tsaya daidai da juna, ɓoyewa kuwa hanya ce ta cin galaba a asirce da kisan mummuƙe.

Maƙera da masu masana'antu ba su jira hukuncin alƙalai ba, domin kasuwa tana nan. Henry Deringer na birnin Philadelphia ya yi suna da wata 'yar fistol mai harbi ɗaya wadda ke ɓacewa cikin tafin hannu, kuma da irinta John Wilkes Booth ya harbi Shugaba Abraham Lincoln a gidan wasan kwaikwayo na Ford ranar 14 ga Afrilun 1865. Samuel Colt, wanda ya sami haƙƙin mallakar ƙirar libarba a Amurka a 1836, ana yawan tuna shi da manyan bindigogin sojan doki, alhali wadda ta fi kawo masa ciniki a zamanin ɗura albarushi da hannu ita ce ƙaramar Pocket Model ta 1849, da aka ƙera fiye da 300,000, da yawansu a aljihun masu tururuwar neman zinariya a California suka ƙare. A 1857 Horace Smith da Daniel Wesson na garin Springfield a jihar Massachusetts suka fitar da libarbarsu ta farko, mai cin harsashi bakwai ƙanana, wadda ke amfani da harsashi haɗaɗɗe, wato dalma da albarushi da abin tayar da wuta duk cikin kwanso ɗaya, abin da ya kawar da wahalar ɗura kowane rami daban. Daga Ingila kuma kamfanin Webley na Birmingham ya kawo British Bull Dog a 1872, mai bututu inci 2 da rabi da harsashi biyar masu kauri, wadda ita ce kakar masu guntun hanci ta gaskiya, kuma masana'antun Beljiyam da na Amurka suka yi ta kwaikwayonta suna sayarwa da araha. Da irin wannan ƙira Charles Guiteau ya harbi Shugaba James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washington ranar 2 ga Yulin 1881.

Matsalar da ta fi damun mai ɗaukar libarba a aljihu ita ce guduma, wato ɗan ƙarfen da ke bayan ganga wanda ke ja baya sannan ya faɗo ya daki gindin harsashi. Ƙahon gudumar, inda babban yatsa ke kamawa, yakan sarƙe da yadin aljihu a lokacin zarowa, kuma idan bindigar ta faɗi ƙasa a kansa tana iya tashi da kanta. Smith & Wesson ta magance wannan a 1887 da ƙirar Safety Hammerless, wadda aka rufe gudumarta ruf a cikin jikin bindiga, aka kuma sanya wani maɓalli a bayan mariƙi wanda sai tafin hannu ya matse shi kafin kunama ta motsa. Kamfanin Iver Johnson ya bi wata hanyar a shekarun 1890, inda ya sa wani siririn ƙarfe tsakanin guduma da allurar da ke sukar harsashi, ƙarfen da ba ya hawa wurinsa sai an ja kunama har ƙarshe, dabarar da har yau libarbar Ruger ke aiki da ita. Libarbar Iver Johnson ce Leon Czolgosz ya naɗe cikin hankici ya shiga layin masu gaisawa da Shugaba William McKinley a birnin Buffalo ranar 6 ga Satumban 1901, ya harbe shi a ciki. Shugabanni uku ke nan cikin shekara 36, dukkansu da bindigar da ba a gani ba sai bayan ta tashi. Bayan harbin magajin garin New York William Gaynor a 1910 da kisan marubuci David Graham Phillips a farkon 1911, jihar New York ta kafa Dokar Sullivan a 1911, wadda ta wajabta lasisi kafin mallakar bindigar da za a iya ɓoyewa, daga baya kuma aka ƙara sharaɗin cewa mai neman izinin ɗauka sai ya nuna dalili na musamman. Wannan tsari, inda jami'i ke da ikon bayarwa ko hanawa bisa ganin damarsa, shi ya zama ruwan dare a jihohi da yawa, kuma ba a yi adalci wajen aiki da shi ba: Martin Luther King ya nemi irin wannan izini a Alabama a 1956, bayan an jefa bam a gidansa, aka hana shi.

Da doka ta matse farar hula, sai babban mai buƙatar bindigar ɓoye ya zama ɗan sandan farin kaya. A ƙarshen ƙarni na 19 Smith & Wesson ta fito da harsashin .38 Special tare da libarbar Military & Police ta 1899, harsashin da kaurin dalmarsa ya ɗara milimita 9 kaɗan, kuma daga baya ya zama abin da 'yan sandan Amurka suka dogara da shi. Sai dai bindigogin da ke cinsa manya ne, masu bututu inci 4 zuwa 6, waɗanda aka yi domin rataye a ɗamara a fili, ba su dace da jami'in da ke sanye da kwat yana bin sahun masu laifi cikin gidajen abinci da tashoshi ba. John Henry FitzGerald, ma'aikacin Colt daga 1918 zuwa 1944, wanda ke yawo wuraren gasar harbi yana gyara wa jami'ai bindigoginsu, shi ya shahara da yi wa waɗannan manyan libarba tiyata: yakan datse bututu ya bar inci 2, ya yanke ƙahon guduma, ya rage mariƙi, ya kuma cire gaban zoben da ke kare kunama domin yatsa ya isa gare ta da sauri. Wannan na ƙarshen ganganci ne da masana na baya suka yi watsi da shi, tunda kunamar da ba ta da kariya tana iya kama wani abu ta tashi, kuma zoben da aka yanke yana iya lanƙwashewa ya danne ta. Waɗanda FitzGerald ya yi da hannunsa kaɗan ne, amma sun nuna wa kamfanin inda kasuwa take.

A 1927 Colt ta fitar da Detective Special, wadda ba wata aba ba ce illa libarbarta ta Police Positive Special da aka gajarta wa bututu zuwa inci 2 tun daga masana'anta. Tana cin harsashin .38 Special guda shida, nauyinta kimanin giram 600, kuma ta zo daidai lokacin da dokar haramta giya ta 1920 zuwa 1933 ta cika biranen Amurka da gungun masu fasa-ƙwauri da 'yan bindigarsu. Fiye da shekara 20 ba ta da kishiya ta gaske, domin ƙaramar libarbar Smith & Wesson ta wancan zamani, Terrier, gangarta ta yi gajarta ga .38 Special, sai harsashi mai rauni take ɗauka. Finafinan Hollywood na masu bincike, da hularsu da doguwar rigarsu ta ruwa, su suka dasa hoton wannan bindiga a zukatan mutanen da ba su taɓa riƙe ta ba.

Shekarar 1950 ita ce mahaɗar wannan tarihi, domin a cikinta kamfanonin biyu suka ba da amsa biyu mabambanta ga tambaya ɗaya, wato ta yaya za a rage wa jami'i nauyin da yake ɗauka daga safe zuwa dare. Colt ta bar girman Detective Special yadda yake, da harsashinta shida, ta sauya abin da ake ƙera jikin bindigar da shi daga ƙarfe zuwa gaurayen alminiyam, ma'adinin da masana'antar jiragen sama ta Yaƙin Duniya na Biyu ta koya wa Amurka sarrafawa da yawa, ta kira sabuwar Cobra, nauyinta ya sauko zuwa kimanin giram 425. Smith & Wesson kuwa, a ƙarƙashin shugabanta Carl Hellstrom, ta tsawaita jikin Terrier da gangarta har suka ɗauki .38 Special, ta yarda ta sadaukar da harsashi ɗaya domin gangar ta sirance, ta kai samfurin taron ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta ƙasa da ƙasa da aka yi a Colorado Springs, inda mahalarta suka kaɗa ƙuri'a suka raɗa mata suna Chiefs Special. Wannan ƙaramin jiki shi ake kira J, kuma a kansa aka gina duk ƙananan libarbar kamfanin har zuwa yau. Da aka fara ba bindigogi lamba a 1957 sai Chiefs Special ta zama Model 36. Bambancin faɗin gangar Colt da ta Smith & Wesson bai wuce kashi ɗaya cikin goma na inci ba, amma ganga ita ce wuri mafi kauri a jikin libarba, ita ce ke turo yadin wando ta tona asirin mai ɗauke da ita, don haka jami'ai suka rabu gida biyu, masu cewa harsashi na shida yana iya zama shi ne rai, da masu cewa bindigar da ta yi kauri a aljihu ƙarshenta a bar ta a gida. Hatta hannu yakan saba da ɗaya ya ƙi ɗaya, domin gangar Colt tana juyawa dama, ta Smith & Wesson tana juyawa hagu, kuma maɓallin buɗe gangar Colt baya ake jansa, na Smith & Wesson gaba ake tura shi.

Ba a jima ba aka gano iyakar rage nauyi. Rundunar sojan saman Amurka, a zamanin Yaƙin Koriya, ta nemi libarba mafi sauƙi domin matuƙa jiragenta, kamfanonin biyu suka ƙera mata Aircrewman wadda har gangarta ta alminiyam ce. Ganga kuwa ita ce ke riƙe fashewar albarushi, kuma alminiyam na wancan lokaci bai iya jure ƙarfin harsashin da aka saba da shi ba, gangunan suka riƙa tsagewa, har rundunar ta janye bindigogin a ƙarshen shekarun 1950 ta lalata mafi yawansu, abin da ya sa 'yan kaɗan da suka tsira suka zama kayan masu tara tsofaffin makamai. Smith & Wesson, wadda ta fara sayar da Chiefs Special ta alminiyam da sunan Airweight, ita ma ta koma ganga ta ƙarfe kafin tsakiyar shekarun 1950. Tun daga nan ƙa'idar ta zauna: jiki na alminiyam, ganga da bututu na ƙarfe. Akwai kuma iyaka ta biyu wadda ba ta ma'adini ba ce, ta jikin ɗan Adam ce. Ƙarfin da ke tura dalma gaba shi ne ke turo bindiga baya, kuma gwargwadon sauƙin bindiga gwargwadon saurin da za ta bugi hannu, ta yadda harsashin da ke da daɗin harbawa a babbar libarba yakan zama azaba a ƙaramar ta alminiyam. Ga shi kuma kunamar irin wannan bindiga, da yake ita ke ɗaga guduma ta kuma juya ganga a ja ɗaya, tana buƙatar ƙarfin yatsa na kilo 5 ko fiye, wato fiye da ninki goma na nauyin bindigar kanta, don haka riƙe ta cak ba tare da bakinta ya kauce ba aiki ne na wanda ya daɗe yana atisaye.

Sauran siffofin da ake gani yau duk sun fito cikin shekara 15 da suka biyo baya. A 1952, shekarar da kamfanin ya cika ɗari da haɗuwar Smith da Wesson, aka fitar da Centennial, wadda ta dawo da rufaffiyar guduma ta 1887 a kan jikin J, bisa shawarar Kanar Rex Applegate, wanda ya horar da jami'an leƙen asirin Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1955 aka yi Bodyguard, mai wani tozo a baya da ke lulluɓe guduma ya bar ɗan kanta kawai a waje. A 1965 Model 60 ta zama libarba ta farko da aka riƙa ƙerawa da yawa da ƙarfe mara tsatsa, abin da ke da muhimmanci ga makamin da ke kwana yana tashi cikin gumin jiki.

Abin da ya sa wannan bindiga ta dace da ɗan sandan ciki shi ne ya sa ta dace da mai niyyar kisa, kuma shekarun 1960 zuwa farkon 1980 sun tabbatar da haka a gaban kyamara. Colt Cobra ce Jack Ruby ya zaro daga aljihu ya harbe Lee Harvey Oswald, wanda ake zargi da kashe shugaban ƙasa, a ginin 'yan sandan Dallas ranar 24 ga Nuwamban 1963, a tsakiyar jami'ai da 'yan jarida, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Bodyguard ce ke hannun Janar Nguyen Ngoc Loan a hoton kisan da Eddie Adams ya ɗauka a titin Saigon ranar 1 ga Fabrairun 1968. Da ƙaramar libarbar Iver Johnson aka kashe Sanata Robert Kennedy a watan Yunin wannan shekara, kuma da Undercover ta kamfanin Charter Arms aka harbi Gwamna George Wallace a 1972, aka kuma kashe mawaƙi John Lennon a 1980. Dokar Kayyade Bindigogi ta 1968 ta hana shigo da ƙananan bindigogi masu araha daga ƙetare, har ƙa'idojin da suka biyo ta suka ce libarbar da za a shigo da ita sai bututunta ya kai inci 3, amma dokar ba ta taɓa waɗanda ake ƙerawa a cikin gida ba, kuma 'yan kasuwa suka koma shigo da sassa suna harhaɗawa a Amurka. Libarbar RG-14 da John Hinckley ya harbi Shugaba Ronald Reagan da kakakinsa James Brady da ita ranar 30 ga Maris 1981, sassanta daga Jamus suka zo, a Miami aka haɗa ta, kuma sai a 1993 dokar da ke ɗauke da sunan Brady ta kawo binciken tarihin mai saye a matakin tarayya.

A shekarun 1980 'yan sanda suka fara barin libarba suna komawa fistol mai ɗura kanta, wadda ke ɗaukar harsashi 15 ko fiye a wani gida da ke cikin mariƙi, musamman bayan bayyanar Glock ta ƙasar Ostiriya da kuma musayar wutar Miami ta 11 ga Afrilun 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu aka raunata biyar. Mai guntun hanci ta tsira a matsayin bindiga ta biyu, wadda ake ɗaurewa a idon sawu ko a sa a aljihu saboda ranar da babbar ta ƙi tashi ko aka ƙwace ta. Colt, wadda ta dakatar da Cobra a 1981, ta daina Detective Special a tsakiyar shekarun 1990, kuma da a ce kasuwar 'yan sanda kaɗai ake dogaro da ita, da wannan aji ya shuɗe.

Abin da ya raya shi doka ce. A 1987 jihar Florida ta wajabta wa hukuma ba da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye ga duk baligin da ya cika sharuɗɗan da aka zayyana, ba tare da ya nuna dalili na musamman ba, kuma cikin shekara goma jihohi da dama, har da Texas a 1995, suka bi wannan tsari. Illinois ce ta ƙarshe da ta buɗe ƙofa, a 2013, bayan kotu ta tilasta mata. Alaska a 2003 da Arizona a 2010 suka soke buƙatar lasisin ma gaba ɗaya, kamar yadda Vermont take tun asali, kuma a yau fiye da rabin jihohi 50 haka suke. A ranar 23 ga Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Bruen, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta soke sharaɗin dalili na musamman na jihar New York, ta ce gyara na biyu na tsarin mulki ya kare ɗaukar bindigar hannu a wajen gida. Abin da alƙalan Louisiana na 1850 suka kira halin maha'inci ya zama shi ne hanyar da ake ganin ta fi ladabi, ɗaukar bindiga a fili kuma ta koma abin da ke tayar wa jama'a hankali a kantuna. Ko wannan juyi ya amfani al'umma, masana ba su daidaita ba: John Lott ya yi iƙirari a littafinsa na 1998 cewa irin waɗannan dokoki suna rage laifi, kwamitin Majalisar Bincike ta Ƙasa ya ce a 2004 hujjojin da ke akwai ba su isa a yanke hukunci ba, sannan John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka wallafa bincike a 2019 da ya danganta dokokin da ƙaruwar laifukan tashin hankali da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma. Akwai kuma adadin da tallan bindiga ba ya ambata, wanda kuma ya fi kowanne kusa da gidan mai saye: cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su suka kashe kansu.

Sabon mai saye, wanda ba albashi ake biyansa don ya ɗauki makami ba kuma ba wanda ke tilasta masa atisaye, sauƙi ya fi nema, masana'antu kuma suka biya masa buƙata. Model 642, wadda ta fito a 1990, Centennial ce ta 1952 da jikin alminiyam da ganga mara tsatsa, nauyinta ya ɗara giram 400 kaɗan. A farkon shekarun 2000 kamfanin ya gauraya alminiyam da ɗan ma'adinin sikandiyam, ya yi ganga da taitaniyam, ya fitar da 340PD mai nauyin kusan giram 330 wadda ke cin harsashin .357 Magnum, kuma waɗanda suka harba ta sukan kwatanta abin da duka da taɓarya a tafin hannu. A irin wannan sauƙi bugun yakan yi tsanani har dalmar harsasan da ba a harba ba ta riƙa zamewa daga kwansonta tana leƙowa gaban ganga, wani lokaci ta hana gangar juyawa. An kuma yi ta tallata waɗannan ƙananan bindigogi ga mata da tsofaffi a matsayin masu sauƙin sarrafawa, tun daga jerin LadySmith na 1989, alhali kunama mai tauri da bugu mai zafi da gajeren saiti sun sa su cikin mafi wuyar harbawa daidai, kuma wannan shawara ta masu shaguna ta cutar da mutane da yawa waɗanda suka harba sau ɗaya suka ji zafi suka daina koyo, amma ba su daina ɗauka ba.

Ruger ta shigo da LCR a watan Janairun 2009. Sashen da ke riƙe kunama da guduma da mariƙi an yi shi da roba mai ƙarfi, sashen da ke riƙe ganga da bututu na alminiyam ne, gangar kuma ƙarfe ce da aka sassaƙe ta sosai domin rage nauyi, jimilla kimanin giram 380. Babban abin da ta zo da shi wani ɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa a cikin na'urar kunama wanda ke rage gogayya, shi ya sa janta ya fi na 642 laushi da santsi, ga mariƙin roba mai kauri da ke shanye wani kaso na bugu, ga kuma saitin gaba da ake iya cirewa a sauya. A ɗaya ɓangaren, kaurin mariƙin nan yana sa ta fi cika aljihu, kunamarta kuma sai an sake ta ta koma gaba sosai kafin ta sake kamawa, abin da ke sa wanda ya saba da Smith & Wesson ya ja a banza idan yana sauri. Ita 642 ta fi sirantaka, kuma fiye da shekara 70 na jikin J sun tara mata kube da mariƙai iri-iri da maƙeran da suka san cikinta, sai dai wasu masu saye suna ƙyamar makullin cikin jiki da kamfanin ya fara sakawa a 2001, har ya koma fitar da wasu ba tare da shi ba. Idan aka auna da idon basira, ratar da ke tsakanin biyun ba ta kai ratar da ke tsakanin mai atisaye da mara yi ba, domin harsashi ɗaya suke ci, adadi ɗaya, daga bututu kusan tsawo ɗaya, kuma gajartar bututun tana rage wa dalma gudu a dukkansu, dalilin da ya sa kamfanin Speer ya ƙera harsashi na musamman domin gajeren bututu a farkon shekarun 2000 bisa buƙatar 'yan sandan New York.

A 'yan shekarun nan kasuwar ta fara ja da baya daga tseren rage nauyi, a daidai lokacin da ƙananan fistol irin su SIG P365 ta 2018, mai cin harsashi 10 a jiki kusan girman libarbar aljihu, suka janye yawancin sababbin masu saye. Kimber ta fitar da K6s a 2016, ta ƙarfe zalla mai harsashi shida, Colt kuma ta dawo da sunan Cobra a 2017 amma da ƙarfe mara tsatsa, nauyinta kusan giram 700, wato ta fi Detective Special ta 1927 nauyi. Ruger da Smith & Wesson kuwa sun bi ta wata hanyar, inda suka koma ga harsasai masu kaurin .32, waɗanda sirantakarsu ke ba da damar huda rami na shida a cikin gangar da ke ɗaukar biyar na .38, kuma mafi yawan nau'o'insu ba sa bugun hannu kamar na .38.